Ɗigo Uku

Rumfata ce ta ƙarshe, jikin janareto,
inda hayaƙi ke shafa wa azurfa kwalli.
Dubu goma sha biyar na biya kuɗin wuri,
akuyar Inna ce ta koma rasit.

Tun assalatu na baro Daura,
akwatin kwano a cinya kamar jinjiri,
duk ramin da muka faɗa a hanyar Mashi
sai 'yan kunne su yi kuka daga ciki.

Baje kolin kwana uku ne a Katsina,
masu sarƙa, masu jaka, masu murjani da tsakiya.
Dama da ni Nusaiba ce, mai kayan Dubai,
ta kafa fitila, ta kafa waya,
tana hira da mutanen da ba sa wurin,
kuɗi na shigo mata da kukan 'yan tsaki.
Hagu da ni Agali, Buzun Agadas,
ya baza zobba kan baƙin ƙyalle,
yana firfita shayi, bai kira kowa ba,
sai ka ce hutu ya zo.

Ranar farko hannuwa kawai na gani:
mai lalle, mai zobe huɗu, na yaro mai maiƙon awara.
A ɗaga, a juya, a ajiye.
"Ba ya walƙiya."
"Nawa? Haba, ko na kanti bai kai haka ba."
Na ce, Hajiya, azurfa ba ta ihu,
sai an zauna da ita take magana.
Ta ce, "To, ta zauna da ke."

Rana ta biyu munduwa ɗaya ta fita.
Rabin kuɗin ya tafi a ɗanwake da ruwan leda.

Rana ta uku, bayan la'asar,
ana naɗe tabarmi, ana cire ƙusa,
sai ga wata tsohuwa, jika na jan hannunta.
Kowa fuskar kaya yake kallo,
ita bayan ɗan kunne ta juya,
ta kai shi kusa da ido, ta daɗe.

"Ɗigo uku," ta ce. "Ke ɗiyar wa?"
Na ce, ta Tsalha maƙerin fari.
"Yana nan?"
Yana nan, idon ne ya riga shi tafiya.
Ni ke zuga, ni ke ƙira, shi yana saurare.
In masaba ta sauka a karkace
daga ɗaki zai yi gyaran murya.

Ta kwance bakin gyale, ƙulli cikin ƙulli,
ga ɗan kunne ɗaya, shekaru sun rina shi.
"Malam ya sai mini, shekarar da fam ta zama naira.
Ɗan'uwansa ya faɗa rijiyarmu a Rafindadi,
sau biyu ana yasa, laka ta hana.
Malam ma ya tafi.
Ki ƙera mini na biyun.
Kada ki wanke wanga,
sabon ne zai koyi tsufa."

Ba ta taya ba, ban yanka ba.
Agali ya miƙo mata shayi, ta sha a tsaye.

A mota na yi lissafi har sau uku,
akuya dai ba ta dawo ba.

Da dare na sa shi a tafin Baba.
Babban yatsa ya bi bayansa a hankali,
ɗaya, biyu,
ya tsaya.
Ya yi dariyar da rabon mu da ita tun damina.
"Na ukun ya kauce.
Ina da shekara ashirin, ina sauri in je dandali.
Ki kautar da na sabon shi ma,
kada su yi faɗa a kunnenta."

Gawayi na nan, Baba.
Da safe zan hura wuta.